Tarihin Ƙaryar da Kowace Burauza Ke Yi: Daga Yaƙin Netscape da Microsoft Zuwa Ajax

Yau za mu koma baya kimanin shekara talatin, mu duba wani rikici da aka yi a Amurka tsakanin kamfanonin manhaja, wanda har yanzu tasirinsa na cikin wayar da ke hannun kowannenmu. Duk wanda ya taɓa buɗe shafin neman aiki ko na rajistar makaranta aka ce masa sai ya sauya burauza kafin ya ci gaba, to ragowar wannan rikicin ce ta same shi.

Mu fara da wani abu da yawancinmu ba mu sani ba. Duk lokacin da burauza ta nemi shafi daga sabar, sai ta haɗa da wani gajeren layi na gabatar da kai, wanda sunansa User-Agent. A cikinsa take faɗin sunanta da lambar fitowarta da irin na'urar da take kai. Idan muka duba wannan layin a Chrome ta yau, za mu ga ta fara da kiran kanta Mozilla, sannan AppleWebKit, sannan KHTML, ta ce ita kamar Gecko ce, sai can ta ambaci Chrome, ta rufe da Safari. Suna shida ke nan ga burauza ɗaya, kuma ɗaya ne kawai nata na gaskiya. Edge ta Microsoft tana jero waɗannan duka, sannan ta ƙara nata a ƙarshe. Yaya aka yi aka zo nan?

MAFARIN ABIN

Tim Berners-Lee ne ya rubuta burauza ta farko a 1990, a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Jiniba. Amma wadda ta fara shiga hannun jama'a sosai ita ce Mosaic, da Marc Andreessen da Eric Bina suka rubuta a Jami'ar Illinois a 1993. A 1994 Andreessen ya haɗa kai da Jim Clark suka kafa kamfanin Netscape, kuma a watan Disambar shekarar suka fitar da Netscape Navigator. A cikin gida ma'aikatan kamfanin suna kiran burauzar tasu Mozilla, kuma da wannan sunan take gabatar da kanta ga sabobi.

Netscape ta riƙa ƙirƙiro sababbin abubuwa ba tare da jiran kowa ba. A fitowarta ta biyu ta zo da dabarar raba allo gida-gida, kowane gida da shafinsa. Tsofaffin burauzoji ba su iya nuna wannan ba. Sai masu shafuka suka samo mafita mai sauƙi: idan sabar ta ga sunan Mozilla a layin gabatarwa, ta aika shafi mai kyau, idan ta ga wani suna daban, ta aika shafi maras ado. Daga nan al'adar tambayar burauza sunanta kafin a ba ta shafi ta samo asali.

Microsoft ta farga a makare. A watan Mayun 1995 Bill Gates ya rubuta wa manyan ma'aikatansa doguwar takarda yana cewa intanet ce abu mafi muhimmanci a gabansu. A watan Agusta suka fitar da Internet Explorer, wadda suka gina a kan manhajar da suka yi hayar lasisinta daga kamfanin Spyglass. Matsalar da suka tarar ita ce, ko da burauzarsu ta iya abin da Netscape ta iya, sabobi ba su san sunanta ba, don haka shafi maras ado za a riƙa miƙo mata. Maimakon su jira dubban masu shafuka su gyara, sai suka sa Internet Explorer ta fara gabatar da kanta da sunan Mozilla, ta maƙala nata sunan, MSIE, a gefe. Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi 'ya'ya har da jikoki. Da Apple ta fitar da Safari a 2003 a kan injin KHTML, ta ari sunan Mozilla da na Gecko don a ba ta shafuka masu kyau. Da Google ta fitar da Chrome a 2008, ta ari duk abin da Safari ta ara, ta haɗa da sunan Safari ɗin kanta.

YARE ƊAYA, KARIN HARSHE BIYU

A watan Mayun 1995 Brendan Eich ya rubuta wa Netscape sabon yaren shirya manhaja cikin kwana goma. An fara kiransa Mocha, aka koma LiveScript, a watan Disamba aka tsaya a kan JavaScript. Da shi ne shafi ya fara iya yin motsi da lissafi a cikin burauza. Microsoft ta kwaikwayi yaren ta sa wa nata suna JScript, ta fitar da shi a Internet Explorer 3 a 1996. A watan Yunin 1997 hukumar Ecma ta fitar da ƙa'idar yaren a rubuce, wadda ake kira ECMAScript, don ɓangarorin biyu su daidaita.

Sai dai daidaita yaren bai kashe wutar ba, domin babban saɓanin yana wajen yadda yaren zai taɓa abubuwan da ke cikin shafi. A 1997 kowane kamfani ya fitar da burauzarsa ta huɗu, kowa da hanyarsa. Mai son ya motsa hoto ko ya ɓoye rubutu a Netscape 4 sai ya bi ta document.layers. A Internet Explorer 4 kuma sai ta document.all. Ko ɗaya ba ta gane ta ɗaya. Haka wajen sauraron latsawar mai amfani: Microsoft tana da attachEvent, ƙa'idar da aka amince da ita daga baya kuma addEventListener ce, wadda Internet Explorer ba ta karɓa ba sai a fitowarta ta tara a 2011. Har auna faɗin akwati a shafi sai da aka saɓa. Internet Explorer 5 tana lissafa kaurin gefen akwati a cikin faɗin da aka ba ta, ƙa'ida kuma ta ce a ƙara shi a waje. Shafin da ya tsaya daidai a nan sai ya wargaje a can.

Idan giwaye na faɗa, ciyawa ce ke shan wuya. Mai gina shafi ya zama dole ya rubuta aiki ɗaya sau biyu, ya sa mai gadi a ƙofa yana tambayar kowace burauza sunanta yana nuna mata hanyarta. Wanda ba shi da kuɗin aiki biyu sai ya zaɓi ɗaya, ya liƙa tambari a ƙasan shafi cewa an fi ganin wannan shafi da burauza kaza. A 1998 wasu masu gina shafuka, ciki har da Jeffrey Zeldman, suka kafa ƙungiyar Web Standards Project don matsa wa kamfanonin lamba su bi ƙa'idojin hukumar W3C, wadda Berners-Lee ya kafa a 1994. Hukumar ta fitar da matakin farko na ƙa'idar taɓa sassan shafi a watan Oktoban 1998, mataki na biyu a Nuwamban 2000.

Kafin ƙa'idojin su kankama, an riga an gama yaƙin. Microsoft tana ba da burauzarta kyauta, ta kuma ɗinke ta a jikin Windows. A farkon 1998 Netscape ta saki lambobin manhajarta ga kowa, daga nan aikin Mozilla ya tashi, kuma a watan Nuwamba kamfanin AOL ya sanar da sayen Netscape a kan dala biliyan 4.2. Gwamnatin Amurka ta kai Microsoft kotu a watan Mayun 1998 kan danne abokan gasa. A 2000 alƙali Thomas Penfield Jackson ya ba da umarnin a raba kamfanin gida biyu, kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan umarnin a 2001, aka ƙare da sulhu. Zuwa 2002 sama da kashi 90 cikin 100 na masu shiga intanet da Internet Explorer suke shiga. Da gasa ta mutu, sai aiki ya tsaya. Internet Explorer 6 ta fito a Agustan 2001, ba a sake ganin sabuwa ba sai Oktoban 2006.

ABIN DA TAMBAYAR SUNA TA HAIFAR

Kamfanin Opera na ƙasar Nowe ya fi kowa ɗanɗana kuɗar wannan al'ada. A watan Oktoban 2001 shafin MSN na Microsoft ya rufe ƙofa ga masu zuwa da Opera da Mozilla, yana ce musu su koma Internet Explorer, sai da aka yi ta ƙorafi sannan aka buɗe. A 2003 kuma Opera ta nuna cewa MSN na aika wa burauzarta wani tsarin ado na daban wanda ke ture rubutu gefe, shafin ya fito kamar burauzar ce ta lalace. Idan Opera ta sauya sunanta a layin gabatarwa, sai shafin ya fito lafiya lau. Don ramuwa, Opera ta fitar da wata burauza ta musamman da ke mayar da rubutun MSN shirme.

Wani lokacin ma ba mugunta ba ce, sakaci ne kawai. A 2009 Opera ta kai fitowa ta goma, sai aka gano shafuka da yawa lamba ɗaya tak suke karantawa. Suna ganin 10 sai su ɗauka 1 ce, su ce burauzar ta tsufa. Dole Opera ta riƙa cewa ita 9.80 ce, ta ɓoye lambar gaskiya a ƙarshen layi. A 2022 da Chrome da Firefox suka doshi fitowa ta ɗari, sai da injiniyoyinsu suka yi watanni suna gwaji saboda tsoron irin wannan.

An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Shafuka da yawa sun saba idan suka ga MSIE su miƙa tsohon aiki mai cike da faci. Da Microsoft ta gyara burauzarta, wannan tsohon aikin ya zama shi ke lalata ta. A 2013 Internet Explorer 11 ta cire MSIE daga layinta, ta ce ita ma kamar Gecko ce. Edge kuma tun fitowarta a 2015 take ambaton Chrome da Safari.

Akwai wani abin mamaki da ya rage har yau. Shafuka da dama suna gane Internet Explorer ta hanyar tambaya ko akwai document.all, wasu kuma suna amfani da shi kai tsaye ba tambaya. Don a gamsar da ɓangarorin biyu, sauran burauzoji suka sa shi a ciki yana aiki, amma idan aka tambaya ko yana nan sai amsa ta fito babu. An rubuta wannan dabarar a cikin ƙa'idar HTML a hukumance, kuma tana cikin burauzar da kuke karanta wannan rubutu da ita.

SAƘON BAYAN FAGE

A cikin wannan hargitsin ne aka samu ɗaya daga cikin abubuwa mafi amfani a tarihin intanet. A da, duk latsawa ɗaya na nufin a zubar da shafin gaba ɗaya a ɗauko sabo. Waɗanda suka yi zamanin shagunan intanet na biyan kuɗin awa sun san zafin wannan: a cike dogon fom, a latsa, allo ya yi fari, a jira, shafi ya dawo yana cewa an yi kuskure a layi ɗaya, kuma duk abin da aka rubuta ya goge. Wasu gwanaye sun riƙa ɓoye ƙaramin shafi a cikin babba don su aika saƙo a asirce, amma dabara ce mai wahalar sarrafawa.

A ƙarshen shekarun 1990 wata tawaga a Microsoft tana gina Outlook Web Access, wato hanyar karanta wasiƙun ofis ta burauza. Suna son sabuwar wasiƙa ta shigo ba tare da an sake ɗauko shafi ba. Alex Hopmann na cikin waɗanda suka yi aikin. Suka rubuta wani ƙaramin sashe da zai ba JavaScript damar aika buƙata ga sabar a bayan fage, mai amfani na ci gaba da aikinsa, idan amsa ta iso a sauya ɓangaren shafin da abin ya shafa kawai. Hanyar da suka samu ta shigar da shi Internet Explorer 5, wadda ta fito a Maris 1999, ita ce su cusa shi cikin ɗakin ajiyar manhajar XML na kamfanin. Shi ya sa aka sa masa suna XMLHTTP, alhali kowane irin rubutu yana iya ɗaukowa.

Mozilla ta kwaikwayi abin da sunan XMLHttpRequest, ya kankama a fitowarta ta 2002. Safari ta bi a 2004, Opera a 2005. A nan ma sai da aka saɓa: a Internet Explorer 5 da 6 ta fasahar ActiveX ake kiransa, kuma da sunaye fiye da ɗaya, a sauran kuma kai tsaye. Internet Explorer tana da halin ajiye tsohuwar amsa ta riƙa maimaita ta, har masu gina shafi suka koyi liƙa lokacin agogo a wutsiyar adireshi don ta ɗauka sabuwar buƙata ce.

Shekara biyar abin na nan mutane kaɗan ne suka kula da shi. Google ce ta nuna wa duniya ƙarfinsa. Gmail ta fito ran 1 ga Afrilun 2004, Google Suggest mai cika maka kalma tun kana rubutawa ta fito a Disamba, sai Google Maps a Fabrairun 2005, inda mutum zai ja taswira da hannu sababbin yankuna na shigowa ba tare da allo ya yi fari ba. Ran 18 ga wannan watan Jesse James Garrett na kamfanin Adaptive Path ya wallafa maƙalar da ta raɗa wa wannan salon suna Ajax. Da suna ya samu, sai kowa ya rungume shi. W3C ta fitar da daftarin ƙa'idarsa na farko a Afrilun 2006, shekara bakwai bayan haihuwarsa, kuma Internet Explorer 7 ta karɓi hanyar da sauran ke bi. Yau idan muka latsa alamar so a Facebook, ko muka gangara sababbin rubuce-rubuce na ta fitowa, jikokin wannan dabarar ne ke aiki, ko da yake tun wajen 2015 sabuwar hanya mai suna fetch ta fara maye gurbin tsohuwar.

Ajax ta ƙara wa JavaScript nauyi, saɓanin burauzoji ya ƙara ciwo. Sai aka samu masu rubuta manhajojin da ke rufe saɓanin: Prototype ta Sam Stephenson a 2005, da jQuery da John Resig ya gabatar a Janairun 2006. Mai gina shafi zai rubuta umarni ɗaya, manhajar ta san yadda za ta yi da kowace burauza. A nan ne kuma darasin ya fito fili. Da farko jQuery na da sashen tambayar suna. A 2009 ta shawarci jama'a su daina amfani da shi, su koma gwada iyawa, a 2013 ta cire shi gaba ɗaya. Ma'anar gwada iyawa ita ce, shafi ya duba ko burauza na da abin da yake buƙata, in akwai ya yi amfani da shi, in babu ya bi wata hanya, ko da bai taɓa jin sunanta ba. Burauzar da za a ƙirƙiro gobe ma za ta wuce wannan gwajin, alhali jerin sunaye na tsufa tun ranar da aka rubuta shi.

INDA ABIN YA SHAFE MU

Koriya ta Kudu ta nuna tsadar jingina da burauza ɗaya. Daga ƙarshen shekarun 1990 tsarin tsaron bankuna da cinikin intanet na ƙasar ya ginu a kan ActiveX, wadda Internet Explorer kaɗai ke da ita. Shekaru da dama mai kwamfutar Apple ko mai Firefox bai iya hulɗar banki cikin sauƙi ba, kuma sai da ƙasar ta ɗauki tsawon lokaci tana warware wannan ƙulli. Microsoft kanta ta yi wa Internet Explorer ritaya ran 15 ga Yunin 2022.

Mu a nan, da yawanmu ba da kwamfuta muka fara shiga intanet ba. Da ƙananan wayoyin Nokia muka fara, da Opera Mini wadda ta fito wa duniya a Janairun 2006, kuma Najeriya ta kasance cikin ƙasashen da suka fi amfani da ita. Sirrin sauƙin datarta shi ne sabobin Opera ne ke buɗe shafin a madadin waya, su matse shi, su aiko da shi a shirye. JavaScript ɗin a can yake aiki na 'yan daƙiƙoƙi sannan a tsayar da shi. Don haka shafin da ya dogara kacokan a kan saƙon bayan fage yakan ƙi aiki a wannan yanayin: a latsa maɓalli shiru, ko jerin jihohi ya fito amma na ƙananan hukumomi ya ƙi zuwa. Mai wayar zai zargi wayarsa ko netwok, alhali wanda ya gina shafin ne bai gwada shi a irin wayar talaka ba.

Yanzu manyan injina uku suka rage a duniya: Blink na Google, WebKit na Apple, da Gecko na Mozilla. Opera ta ajiye nata injin a 2013, Edge ta koma kan na Chrome a Janairun 2020. Kusan biyu cikin uku na masu shiga intanet da Chrome suke shiga. A ƙarshen 2019 burauzar Vivaldi ta cire sunanta daga layin gabatarwa saboda shafukan da ke tare ta, ta koma fitowa kamar Chrome. Wannan ya yi kama da 2002, sunan mai rinjayen ne kawai ya sauya.

Saboda haka muna kira ga matasanmu da ke koyon gina shafuka, kuma mun san suna da yawa a wannan zaure. Ku gina shafi ya fara aiki a matakinsa mafi sauƙi, fom ya iya tafiya ko da JavaScript ya gaza, sannan ku ɗora ado a kai. Ku gwada iyawar burauza, ku bar tambayar sunanta. Duk buƙatar da kuka aika a bayan fage, ku tanadi abin da mai amfani zai gani idan netwok ya yanke, kada a bar shi yana kallon da'ira na juyawa. Ku gwada aikinku a Firefox da Opera Mini da tsohuwar waya mai ƙaramin ƙarfi. Masu ba da kwangilar shafukan makarantu da asibitoci da ma'aikatu kuma, su sa wannan cikin sharuɗɗan aiki. Yarinyar da ke ƙauye tana neman gurbin karatu da wayar yayanta ba ta da wata burauzar da za ta sauya zuwa gare ta, kuma ranar rufe rajista ba ta jiran kowa.

Wanda ya taɓa cin karo da shafin da ya ƙi shi saboda burauzarsa, ya ba mu labari a ƙasa, ya faɗi irin wayar da burauzar, don masu koyo su amfana. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.